Katin da Aka Maido Mini

Na fi shekara goma ina dillancin filaye da gidaje a Zuru ban taɓa mallakar kati ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Ofishina benci ne a gindin wata dalbejiya kusa da tasha, sai tsohon mashin ɗina da igiyar awo ɗaure a bayansa. Duk mai nemana ya san inda zai same ni. Rabin aikinmu a garin nan na sojoji ne, don da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Mutum yana can Legas ko Maiduguri, hankalinsa yana gida, yana so ya kafa ɗaki biyu kafin ya ajiye bindiga. Ba shi da halin zuwa, sai ya bugo waya, ya turo matarsa ko tsohonsa su ga wuri, ni kuma in zama idonsa da ƙafarsa.

Ana haka sai ga samari sun shigo sana'ar, masu takalmi mai sheƙi da waya bibbiyu. Kowanne da kati a aljihu, ko gaisuwa ba ku gama ba ya zaro ya miƙa maka. Na yi musu dariya har na gaji. Ranar da na ga wani kofur, wanda ni na saya wa yayansa fili, ya wuce ta gaban bencina a bayan mashin ɗin ɗaya daga cikinsu, sai na daina dariyar.

Matata tela ce, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Da na kai mata ƙorafi ko ɗaga kai daga keken ba ta yi ba.

"To, Maigida, kai dai ci gaba da zama ƙarƙashin icce, kana jiran mutane su yi mafarkinka," in ji ta. "Ko mai sai da manja yana da kati yanzu."

Na ce mata suna ya fi takarda. Ta ce to, a dafa sunan mu ci. Washegari na nufi bakin kasuwa, wurin mai shagon buga takardu.

Mutumin Ibo ne, ya zo Zuru tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya yi furfura. Katin biki, takardar jana'iza, kalandar coci, hoton 'yan takara, duk daga hannunsa suke fita. Na rubuta masa sunana da lambar wayata a guntun takarda, na ce su kaɗai nake so, sai kalmar dillali a ƙasa. Ya duba, ya girgiza kai.

"Oga dillali, su wa ke zuwa ganin fili? Ba tsofaffi ba? Rabinsu ba su karatu. Ka ba su suna da lamba, ka ba su takardar banza. Sa fuska. Fuska kowa yana karantawa."

Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe ina cewa gaskiya ya faɗa. Ya ciro wata kwat da yake ajiyewa don irinmu, ya ɗora mini a kan rigata, ya zaunar da ni gaban wani shuɗin ƙyalle. Na ɗaure fuska kamar mai zuwa kotu. Sai ya ce ko akuyar da za a yanka ta fi ni fara'a, na fashe da dariya, shi kuwa ya danna. Ya ce in dawo jibi, zai wanke hoton da kyau.

Bari in faɗi irin fuskar da Allah ya ba ni, don a gane abin da ya biyo baya. Baƙi ne ni sosai. Kunnuwana a buɗe suke, kamar suna sauraron abin da ake faɗa a maƙwabta. Ina da wushirya mai faɗi, sannan da tsaga biyu ƙanana a kowane kumatu, irin ta gidanmu, wadda kakata ta dage sai da aka yi mini ina jariri. A barikin soja na tashi, nesa da gida, domin mahaifina soja ne. A makarantar bariki babu sunan da yara ba su laƙa mini ba saboda tsagar nan da kunnuwan nan. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ɗauka abin ya daɗe da barina.

Ashe yana nan. Da na koma jibin, mai shago ya juyo mini da fuskar kwamfuta, sai na ga wani mutum yana yi mini murmushi. Wankan tarwaɗa ne, kumatunsa sumul babu tsaga ko ɗaya, haƙoransa a jere babu ƙofa, kunnuwansa sun kwanta lafiya. Mai shago bai yi da mugunta ba, abin da kowa ke roƙonsa ke nan, ya saba yi tun kafin a roƙa. Kuma sai da ya tambaye ni.

"Ya yi, Oga?"

"Ya yi," na ce.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina. Yaron nan na makarantar bariki ne ya amsa, ba ni ba. Na ɗauko kwali guda na katin na taho gida ina jin kaina.

Matata ta karɓi ɗaya, ta kai shi bakin taga, ta dube shi, ta dube ni.

"Wanga hwa? Yana da mata?" ta ce. "In babu, ka gaya mai ina nan, ni ma na gaji."

Na bar ta tana dariya na shiga wurin Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mahaifina. Tsufa ya kama mata gwiwa amma bai taɓa idonta ba, har yanzu ita ke tsince mana tsakuwa a wake. Ta riƙe katin, ta daɗe tana kallo, ta juya bayansa ko akwai wani abu, sannan ta miƙo mini.

"Ban san shi ba," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Na ce a raina tsofaffi ke nan, ba su san zamani ba. Na shiga raba kati a tasha da kasuwa da ƙofar coci. Wasu su duba su dube ni su yi murmushi su sa a aljihu. Babu wanda ya ce mini komai, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yabo.

Cikin zafin bazarar shekarar nan wata mata ta zo bencina. Na san mijinta, saje ne, ya bugo mini waya sau biyu a kan yana son fili, ya ce in ya samu hutu zai zo mu zaga. Bai samu hutun ba. A bakin daga ya rasu, aka ba matar wa'adin barin bariki, ta tattaro yara uku ta dawo gida. Yayan mijin ya sauke su a unguwar Rikoto, a wani tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan gidansa, domin shi kaɗai ne babu kowa ciki. Bangon ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa. Magini ya duba ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma kada a bari ruwa mai ƙarfi ya same su a ciki.

Abin da aka ba ta na mijinta zai iya sayen ɗan ƙaramin fili ya tada ɗaki biyu, in an yi tattali, in kuma wurin yana kusa da rijiyar yayan mijin, don ba ta da halin sayen ruwan gini. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon bayani ba.

"Baba dillali, ni dai in samu inda zan sa yaran nan kafin ruwa ya sauka," ta ce.

Fili ɗaya ne ya dace da ita, kuma na san shi. Wani ɗan tsiri ne a bayan gidan yayan mijin, da ɗorawa guda a tsakiya. Mai shi wani dattijo ne da ke zaune a ƙauyen kan dutse ta hanyar Ribah. Ya mallaki wurin tun yana daji, bai taɓa ɗora ko bulo ɗaya ba. Babu dillalin da bai gwada sa'arsa ba, har da masu takalmi mai sheƙi. Tun da wani dillali mai kwalliya ya sayar da filin maƙwabcin tsohon ga mutum biyu ya ɓace, dattijon ya shafa wa gemunsa ruwa, ya rantse shi da dillali sai dai a hanya.

A wurinmu ba a faɗa wa dattijo da maganar ƙasa kai tsaye. Sai ka aika tukuna, in ya ce ka zo, ka je. In ka tashi ka hau dutsen nan ba da kiransa ba, za a ba ka ruwa, a tambaye ka mutanen gida, a raka ka, amma maganar ta mutu ke nan. 'Yarsa tana kawo gyaɗa Zuru ranar kasuwa, mace ce babba mai jikoki. Na same ta, na gaishe ta, na ba ta ƙullin goro da katina, na ce ta kai wa Baba, ta ce mai wannan fuskar yana neman iznin zuwa gaishe shi. Har da ƙara mata cewa ta nuna masa hoton da kyau.

Mako guda na jira. Ranar kasuwa ta zagayo, na je da sassafe. Tana ganina ta sunkuyar da kai, ta kwance bakin zane, ta ciro katin da goron, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Baba ya maido."

"Me ya ce?"

Ba ta son faɗa. Na matsa mata.

"Yac ce wagga huska ba ta da gida. Yac ce in ta ci amana, ƙohwar wa za a je a buga?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ban taɓa cin ƙwandalar kowa ba, a ce ba ni da gida? Na koma benci ina ta huci, ina gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni cewa mutanen kan dutse taurin kai ne zai kashe su. Da la'asar matar sajen ta biyo. Na gaya mata an maido, amma ban gaya mata dalili ba. Ta ce ba komai, Allah yana nan. Sai da ta tashi tafiya ta ce tsagar bangon yanzu hannun ƙaramar 'yarta yana shiga. Ta tafi, na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa gajimare.

A gida na zazzage wa matata duk abin da ke cikina. Ina jiran ta yi mini tsiyar da ta saba, sai ta tsayar da keke, ta juyo gaba ɗaya.

"Inna ta hwaɗa maka tun ran farko, ba ka ji ba," ta ce. "Wadda ta haihe ka ta ce ba ta san shi ba, kana son tsohon da bai taɓa ganinka ba shi san shi? Kayan aro ba ya rufe katara, Maigida. Mako guda ka ci ma matar nan don kana son ka yi kyau."

Maganar ta yi mini zafi don babu ta inda zan kauce mata. Duk da haka, da na tashi da safe ba kaina na tuhuma ba, mai shago na nufa da faɗa a bakina. Na ajiye masa katin a tebur na ce ga abin da ya jawo mini. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Na tambaye ka, Oga. Kai ka ce ya yi."

Ya jawo kujera ya ce in zauna. Ya ce shi ma da ya aika wa mahaifiyarsa hoton aurensa, wanda ya wanke da hannunsa, sai ta aiko a tambaye shi ina ɗanta. Tun daga ranar, in ji shi, ba ya taɓa zubar da hoton asali na kowa, ko mutum ya ce ba ya so. Ya yi ta bincike a kwamfuta, can sai ga ni. Baƙi ƙirin, kunnuwa a tsaye, tsaga huɗu cif, baki a buɗe ina dariyar akuyarsa, wushirya kamar ƙofar zaure. Ya buga guda ɗaya, ya yanke gefen da almakashi, ya hura masa iska ya miƙo mini.

"Wannan ka sani ko?" ya ce.

Na ce na san shi, mun daɗe tare.

Aike na biyu bayan an maido na farko abu ne mai nauyi, kusan rashin kunya ne. 'Yar dattijon ta kwana biyu a gari wurin danginta, na same ta can, ta ce ita kam tana tsoron bakin Baba. Da matar sajen ta ji, ita da kanta ta je ta gaishe ta, da ƙaramar 'yarta a hannu. Ban san abin da suka tattauna ba, mata ne. Na dai san 'yar dattijon ta karɓi sabon katin ta ƙulle a bakin zane.

Ban jira ranar kasuwa ba. Kwana biyu kacal wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba, muryar 'yar dattijon ce.

"Baba yac ce ka taho gobe. Kai ɗaya."

A shekarun nan, saboda 'yan bindiga, ba a bin hanyar sai rana ta ɗaga, sai kuma an tambayi 'yan kabu-kabun da suka fito ko lafiya. Suka ce lafiya lau. Na bi titi, na sauka kan burji, na bar mashin a gindin dutse wurin wasu masu gyaran gona, na hau da ƙafa ina haki. Mutane duk sun fita sharar gona, ana ƙone kara, kowa yana duban sama.

Na same shi a inuwar rumbu yana sa wa fartanya ƙota. Tsoho ne siriri, duk jijiya, amma zamansa a miƙe. Na durƙusa na gaishe shi da yarenmu na C'lela, irin tawa ta ɗan bariki mai ɗingishi. Ya amsa, ya ji yadda nake tuntuɓe, sai ya tausaya mini ya koma Hausa. Ya ciro katin daga aljihun gaba, ya dube shi, ya dube ni, ya sake dubansa.

"Yi dariya in gani," ya ce.

Na yi yaƙe, don dariya ba ta zuwa da umarni. Ya ce ba haka ba. Kunya da mamaki suka sa na yi ta gaske. Sai na ga fartanyar ta zame daga gwiwarsa. Ya kira wani suna, sunan yarinta na mahaifina, wanda ban sake ji a bakin kowa ba tun rasuwar kakata.

"Ɗansa na kai," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na ce e, Baba.

"Kamar an tsaga kara. Tsagar gidanku na gane da hwarko, sannan kunnen, sannan haƙoran. Zamna, ɗana. Zamna kusa."

Nan ya ba ni labarin da babu wanda ya taɓa ba ni. Shi da mahaifina tare suka yi golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinyar da zai aura, damina bayan damina har shekara bakwai. Ƙungiyarsu ɗaya, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Mahaifina ya yi shekara biyar a gonar kakana na wajen uwa, sai aka zo ɗibar soja, ya bi. Saura damina biyu, ga kuma wasu samari sun zuba ido, domin wanda ya bar golmo a tsakiya ya bar yarinya ke nan. Dattijon nan shi ne ya je gaban kakana ya ce abokinsa bai gudu ba, ga hannunsa nan. Duk ranar da ƙungiya ta shiga gonar, kowa ya kama layinsa ɗaya, shi sai ya kama biyu, nasa da na wanda ba ya nan. Haka ya yi har damina biyun suka cika. Mahaifina ya zo hutu aka ba shi matarsa, ya tafi da ita bariki. Daga nan rayuwa ta raba su, ɗaya yana yawon barikoki, ɗaya yana kan dutse. A can nesa mahaifina ya rasu, sai labari abokin ya ji.

Mahaifina ba mai magana ba ne, Inna kuma ba za ta zauna da ɗanta namiji tana ba shi labarin neman aurenta ba. Haka na kai shekara hamsin ban san akwai mutumin da bayansa ya yi ciwo don in zo duniya ba.

"Da anka kawo na hwarin, na ce wanga baƙo na," in ji shi. "Da anka kawo wanga, sai na ga abokina ya dawo daga soja." Ya nuna ni da katin. "Damina biyu ina duƙe don a haihe ka da wagga huska, kai ko ka tahi ka ba na'ura ta goge?"

Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai hawaye suka riga ni. Ƙato da ni, da furfura a gemu, ina kuka a gindin rumbu. Bai hana ni ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da gyara har na natsu, sannan ya ce to, mi ke tahe da ni.

Na gaya masa komai, matar da yaran da bangon da ya tsage. Tambaya biyu kawai ya yi.

"Mijin soja na?"

"Soja ne, Baba."

"Ya dawo?"

"Kayansa aka dawo da su."

Ya ajiye fartanyar a gefe.

"Na uwarka ya dawo," ya ce a hankali. "Nata bai dawo ba."

Abin da ya yanka wa filin ba zan faɗa ba, don kada 'yan'uwana dillalai su ce ƙarya nake yi. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada a sare ɗorawar. Sannan ya ɗaga mini yatsa ya ce in na ci amanar matar nan, yanzu ya san ƙofar da zai buga. Da zan tashi na miƙa hannu in karɓi katina, don shi kaɗai gare ni. Ya mayar da shi aljihu ya dafe.

"Ba ni da hoton abokina," ya ce. "Yanzu ina da shi."

Bayan kwana uku na koma na ɗauko shi a bayan mashin, yana riƙe da rigata yana zagin ramukan hanya. Ya taka iyakar filin da ƙafarsa a gaban mai unguwa da shaidu, aka kafa duwatsu, aka rubuta takarda, ya dangwala yatsa. Daga nan na kai shi gidanmu. Inna, da gwiwar da take kuka da ita kullum, sai da ta kai ƙasa ta gaishe shi. Suka dubi juna, suka kama dariya irin ta mutanen da suka tuna abin da mu ba mu sani ba. Ya ciro katin ya nuna mata. Ta karɓa, kallo ɗaya ta yi masa.

"Wanga na sani," ta ce.

Na fita na bar su, don na ga ba a bukatata a wurin.

Na sa mai shago ya buga mini sababbi da fuskata ta gado, su nake rabawa har yau. Kwalin kyakkyawan baƙon nan kuwa matata ta gaje shi, a bayan katin take rubuta awon masu ɗinki. Ta ce ko ba komai ya yi amfani a gidan, abin da ba kowane kyakkyawa ke yi ba.

Ina yawan tuna mutanen nan in gode wa Allah da ya haɗa ni da su. Na gode wa mai shago da bai zubar da ni ba ranar da ni na zubar da kaina. Na gode wa matar da ta san lokacin tsiya da lokacin gaskiya, da tsohuwar da ta faɗi magana ɗaya ta yi shiru ta bar ni in iske ta. Dattijon kuwa ban san kalmar da zan gode masa da ita ba. Duk ƙarshen damina ina hawa dutsen in gaishe shi, shi kuma duk zuwa sai ya sa na yi dariya ya gani.

Ginin tsere muka yi da sama. An yi yayyafi ana buga bulo, an yi ruwan shuka ana kan linta. Matan cocin matar sajen suka riƙa jido ruwa daga rijiya, yayan mijin ya bar gonarsa ya zama lebura, ni kuma na zama ɗan aiken kafinta da mashin ɗina. Ranar da aka buga kwano na ƙarshe, babu filasta, babu ƙyaure sai buhu da aka rataya, na ce mata kada ta jira komai, su kwashe kaya su shiga yau.

Kwana huɗu bayan nan, da azahar, hadari ya taso baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa irin wanda ke tada kwata. Na bar benci na fake a barandar wani shago, ina ta matse hular da ta jiƙe. Sai waya. Matar sajen ce.

"Baba dillali, tsohon ɗakin ya zube yanzun nan," ta ce. "Muna kallo ta taga."

"Yaran fa?"

"Ga su nan duka uku. Tsaya, saurara."

Ta ɗaga wayar sama. Sai ƙarar ruwa a kan sabon kwano, kamar ana zuba tsaba a faranti, da ihun yara a ƙarƙashi suna gardamar wa zai tara bokiti. Na tsaya da waya manne a kunne, wannan kunnen da na so a kwantar mini, ina saurare har kuɗin wayarta suka ƙare.